Wai sai an ci jarrabawa kafin a sayar wa mutum gem?

Ummi_CODM

Slm ƴan gida. Tambaya ce da ni amma bari in fara da abin da ya jawo ta. Ni dai a waya nake buga gem, Call of Duty Mobile (CODM) da gem ɗin ƙwallo eFootball, tun lokacin kullen korona na fara, to yanzu na ɗan tara wani abu daga alawi na bautar ƙasa na ce bari in sayi PlayStation 4 (PS4) ko da ta hannu ce tunda PS5 ta fi ƙarfina. Ran asabar na shiga wani shago nan Kano, ba sai na faɗi suna ba, na yi sallama yaron shagon ko ɗago kai bai yi ba yana ta latsa waya, abokansa biyu na kan benci suna buga ƙwallo a talabijin ɗin shagon. Na ce malam don Allah meye bambancin PS4 Slim da Pro, kuma wadda aka loda wa gem tana hawa onlayin? Buɗar bakinsa sai cewa yayi wai "Hajiya wa ya aiko ki? ki ce mai gem ɗin ya zo da kansa zai fi ganewa." Na ce ai ni zan buga. Wlh sai ɗaya daga na kan bencin ya miƙo min fad, wato abin da ake riƙewa a buga gem ɗin, wai in nuna masa maɓallin R2, suka kwashe da dariya, na nuna masa, sai ya ce to wanne ake dannawa a ba da fasin na tsakiya, kamar na zo neman aiki.

Na daure na ce to a jona min ɗaya in ga tana aiki, wai ba wuta kuma ba a tada inji saboda gwaji, alhali ga talabijin nan a kunne gaban idona suna bugawa. Ya ƙara da cewa in na saya na saya, kaya in ya fita ba ya dawowa. Na juya na fito da kuɗina.

Da dare na yi tambayar a wani guruf na ƴan gem da ɗan yayata ya saka ni, nan ma sitika aka dinga turo min, wani ya ce ƴan waya ku koma guruf ɗin Ludo. Ba wanda ya amsa. To wai haka abin yake ko'ina ko ni ce ban yi sa'a ba? Sannan don Allah wanda ya sani ya amsa min ainihin tambayar, Slim ko Pro, mai lodi ko mara lodi?

Baba_PS2

Wa alaikissalam ƙanwata, ki yi haƙuri, ba ki yi laifin komai ba, tambayar da ya kamata mai saye ya yi kika yi. Bari in amsa miki tukuna.

PS4 kala uku ce. Ta farko wadda ake ce wa Fat a 2013 ta fito, Slim da Pro kuma duk a 2016. Gem ɗaya suke bugawa duka, babu gem ɗin da Pro ke ɗauka Slim ta ƙi. Pro ta fi ƙarfi kuma tana fitar da hoton 4K, amma in talabijin ɗinki ba 4K ba ce kusan kuɗin banza za ki ƙara, ga cin wuta ga ƙarar fanka in ta tsufa. Slim ta fi dacewa da yanayinmu musamman in da inbata ko ƙaramin inji za ki dinga bugawa. Akwai mai 500GB akwai mai 1TB, in da hali ɗauki 1TB dan gem ɗin yanzu manya ne.

Maganar lodi kuwa nan ne ake cutar mutane. Wadda aka yi wa hak, wato aka ɓalle tsaronta, za a cika miki ita da gem a arha, amma ba za ki hau onlayin da ita ba, dan hak ɗin a kan tsohon tsarin na'urar yake aiki irin su 9.00 ko 11.00, shi kuma PSN, wato tsarin onlayin na PlayStation, ba ya barin ki shiga sai kin yi abdet zuwa na ƙarshe, ranar da kika yi abdet kuma hak ya tafi gem ɗin da aka loda duk sun kulle, ba a komawa baya. Tunda ke kin saba buga onlayin da mutane a CODM ina ga mai lodi za ta gundure ki. Mara lodi kuma ki sani sai kin sayi gem da kuɗinki, faifai ko a PlayStation Store, sannan irin su FC (gem ɗin ƙwallon da a da ake ce wa FIFA) sai da PS Plus, wato rajistar da ake biya, ake buga su onlayin, amma na kyauta irin eFootball da Fortnite da Warzone ba sa buƙatarsa. Wani abu kuma, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe akawun na PSN, shi yasa kowa yake buɗe na Amurka ko Ingila yana sayen katin kuɗi na ƙasar. Ki buɗe da imel ɗinki da kanki, kar ki yarda mai shago ya buɗe miki da nasa.

Shi kuwa rainin nan tsoho ne. Mu da muka taso a gidan gem zamanin PS1 da PS2, ɗaki ɗaya ba taga, talabijin huɗu, wanda aka ci shi zai biya, manya ba sa ba yaro fad sai dai ya tsaya a baya yana kallo ko a aike shi sayo fiya wata. Ƴan Winning Eleven na ce wa ƴan FIFA ba su iya ƙwallo ba, yau kuma abin ya juya ƴan FC ke raina ƴan eFootball. Kuma masu ce miki waya ba gem ba ce rabinsu da PPSSPP, manhajar buga gem ɗin PSP a waya, suka fara buga God of War a wayar yayansu.

MaiShago_KD

Ni sana'ata ce wannan, a Kaduna nake, don haka bari in faɗi ta ɓangarenmu ko da za a zage ni. Gsky muna shan wahalar mutane. Mutum zai zo ka sauko masa da kaya uku, ka tada inji da fetur ɗin nan mai tsada, ya buga rabin awa, ya ɗau hoto ya ce zai je ya dawo, ba za ka sake ganinsa ba. Wani kana juya baya fad ta yi ƙafa. Wani ya saya ya je ya jona kai tsaye ba sitabilaiza wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona, ya dawo yana rantsuwa haka ka sayar masa. To yaran shago in suka gaji sai su fara yi wa kowa kallon ɗan tambaya.

Amma abin da aka yi wa baiwar Allah nan ba gajiya ba ce. Kuma zan faɗa muku wani abu da mu na ciki muka sani, sau da yawa wulaƙancin nan dabara ce. In aka sa ka ji kunyar rashin sani, ka daina tambaya, in ka daina tambaya kuma sai a miƙa maka wadda aka taɓa buɗewa aka gyara, ko fad ɗin jabu a kwalin orijina, ko a loda maka gem da akawun ɗin da aka sayar wa mutum biyar bayan sati biyu ya kulle. Tunda ba wani ofishin Sony da za ka kai ƙara a unguwarku, duk ilimin abin yana hannun mai shago da ƴan guruf, wanda ya riƙe ilimin kuma shi ke yanka farashi. Mai kaya mai kyau shi ke roƙonki ki gwada. Ni yarana na gaya musu ko yaro ɗan firamare ne ya shigo a amsa masa sallama, dan shi ne zai janyo babansa gobe, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kuma benci na cire shi daga shagon gaba ɗaya, dan majalisar abokai ita ke korar mata da dattawa, ba wanda zai so ya yi ciniki ana kallonsa ana ƙus ƙus.

Sniper_Gwale

Na shago dai bai kyauta ba, wannan ba musu. Amma maganar guruf ku tsaya mu faɗi gaskiya. Guruf an buɗe shi dan masu konsol da kwamfuta, kullum sai an saka sabon mutum ya zo ya yi tambayar da aka amsa sau ɗari, nawa ne PS4, ya ake saukar da GTA 5 a waya, wa zai ban akawun kyauta. Mutum ya shiga YouTube minti biyar mana kafin ya tambaya. Kuma ni har gobe ina kan bakana, wanda yake harbin bot (ɗan wasan da kwamfuta ke sarrafawa) a CODM wayar na taya shi saiti ba ɗaya yake da wanda ya zauna ya gama gem masu wuya irin Sekiro ko Elden Ring ba. Mu mun sha wuya kafin mu iya, ba wanda ya lallaɓa mu. In kana son shiga cikin mutane sai ka jure ɗan tsokana, haka ake a ko'ina har majalisar ƴan ƙwallo.

Maman_Ilham

Sniper to sannu da shan wuya, a ba ka lambar yabo. Gem fa ake magana, abin da aka ƙirƙira dan nishaɗi, kai kuma ka mayar da shi aikin soja. Yarinya ba ta ce a ba ta akawun kyauta ba, ba ta ce ta fi ka iyawa ba, kuɗinta ta tara za ta shigo cikin masu konsol ɗin da kake taƙama da su, wato ma ƙofar da kuke cewa a bi ita ta biyo kuka rufe. Amsar da Baba ya ba ta a sama minti nawa ta ɗauke shi? Tura sitika goma ya fi rubuta layi biyu sauƙi ne?

Kuma wannan magana ta Sekiro ba kai ka fara ba, tun fitowarsa a 2019 Turawa suke wannan rigimar, wasu na cewa a saka yanayi mai sauƙi dan masu lalura da waɗanda ba su da lokaci, wasu na cewa a'a kowa ya je ya koya. Kamfanin yana da ikon ya yi gem ɗinsa da wuya yadda ya so, ba matsala, amma wannan bai ba wanda ya gama shi lasisin tsare ƙofa ba. Su kansu kamfanonin ba su raina waya ba, kusan rabin kuɗin da harkar gem ke samu a duniya daga waya yake fitowa, Activision da kansu suka kawo Call of Duty waya a 2019, Konami kuma suka mayar da PES kyauta da sunan eFootball a 2021, na waya kuma ya biyo a 2022. A ƙasar da wuta ke zuwa awa biyu ta ɗauke, kuɗin PS5 kuma ya ninka mafi ƙarancin albashi sau da yawa, ka ce duk wanda ba shi da konsol ba ɗan gem ba ne, ai kawai cewa kake talaka ba ɗan gem ba ne.

Sannan "ɗan tsokana" da kake faɗa ba iri ɗaya yake zuwa wa kowa ba. Kai in ka shiga shago ba wanda zai ce wa ya aiko ka. Ni da sunan namiji nake bugawa kuma makirfon ɗina a kashe yake kullum, dan ana jin muryar mace wasan ya ƙare, daga mai cewa ki koma kicin sai mai neman lamba.

Ummi, maganar kaya in ya fita ba ya dawowa kuma kar ta tsorata ki. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC mai kula da ita, in kaya ya zo da matsalar da aka ɓoye miki kina da haƙƙin mayarwa ko me aka rubuta a bango. Amma sai da shaida, don haka ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin garantin da kuka yi, a rubuce ba da baki ba, kuma ki biya ta tiransifa.

DanMaradi

Mu nan ma haka ne wlh, in ka shiga butik ba ka san sunan kaya ba sai a ninka maka kuɗi. Ni abin da nake yi sai in kira abokina da ya sani a bidiyo in nuna masa kayan gaban mai butik ɗin, nan take murya ke canzawa.

MaiShago_KD

Wannan dabarar ta ɗan Maradi tana aiki. Ƙari a kai in za ki gwada: a saka faifai ki ga tana ja tana fitarwa, a bar gem mai nauyi ya yi kamar minti ashirin ki saurari fanka ki ga ko za ta mutu da kanta, ki duba sitikar baya ko an ɓalle ta, fad kuma ki ajiye ta ba ki taɓa ba ki ga ko ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai, in yana tafiya analog, wato sandar juyawa ta fad ɗin, ya lalace. In abokan da za ki buga FC da su PS5 gare su ki sani ba za ku haɗu ba sai sun sauke na PS4 a tasu, dan haɗin tsara da tsara ne.

Maman_Ilham

Af na manta, Sniper, CODM na karɓar fad ɗin PS4 ta bulutut, don haka ba ka da uzurin cewa ba ka saba da taɓa gilashi ba. Ka sauke, Ummi ta buɗe rum, ku biyu a filin wasa na Nuketown, mu kuma mu shigo kallo. Juma'a bayan isha'i ta yi?

Sniper_Gwale

Wayata ba sarari, gem ɗin nan ya cika nauyi. Sai dai in ta sayi PS4 ɗin mu haɗu a Warzone.