Kontenata ta maƙale a Lome saboda takardar BSC

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Yamai. Na yo odar tayil daga Sin, kontena ta sauka tashar jiragen ruwa ta Lome, don tun rufe iyakar Benin a 2023 ta Burkina muke biyowa. Matsalar ita ce nauyin da ke kan BSC (takardar bin sawun kayan da aka yi lodi a jirgin ruwa) ya saɓa da na takardar lodin jirgi, shi ya sa takardun duwan suka tsaya. Taransitena (wakilin da ke fitar min da kaya a duwan) ya nemi gyara, shiru. Mai kayan a Sin ya ce nasa lissafin daidai ne. Kuɗin jinkirin kontena kuwa kullum ƙaruwa yake, abin ya dame ni ƙwarai.

Don Allah, ana iya gyara BSC bayan jirgi ya sauke kaya, ko sai an ciri sabuwa?