Wa ya ci abincin Meziko na sabon wurin nan na Ƙofar Ƙaura?

Maman Twins:
Salamu alaikum. An buɗe wani ɗan wurin cin abinci kusa da mu, wai abincin titi na Meziko suke yi. Yara sun dame ni sai mun je. Damuwata ɗaya ce, naman me suke sakawa a taco ɗin?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayarki na kan hanya, don a can Meziko shahararren taco ɗinsu, al pastor, da naman alade ake yi. Asalinsa shawarma ce da 'yan Lebanon suka kai ƙasar. Na nan kuwa na tambayi mai wurin, naman shanu da kaza yake sayowa a kasuwarmu. Na ci ranar Juma'a. Taco ɗin faifan masara ne siriri mai laushi, a zuba nama, albasa, yaji, a matse lemun tsami. Da hannu ake ci, kuma tun da zafinsa, in ya huce karyewa yake yi. Ni dai uku ba su ƙosar da ni ba.

Anti Layout:
Ki sayo wa yaran gasasshiyar masarar da ake shafa wa mayonis da cuku da barkono. Ki ce a rage yajin. Jan abin shan nan nasu kuma zoɓo ne, kada ki biya kuɗi da yawa a kai.

Maman Twins:
Na gode ƙwarai. Asabar bayan La'asar za mu leƙa, in sha Allahu.