Taransfomar sipika a amfilifaya mai bawul: wa ya taɓa gyarawa ko canzawa?

Mai Jita: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da amfilifayar jita mai bawul (kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti), samfurin 6V6 guda biyu, wat 22, yayana ne ya bar mini ita. Shekara tara ina kaɗawa da ita ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Makon jiya muna cikin gwaji sai sautin ya zube. Ba shiru ta yi ba, amma ko na ƙure bolum muryar siririya ce kamar ta ƙaramar rediyo, ga gurnani a ciki. Na sa sababbin bawul, ba ta canza zani ba. Wanda na kai wa ko mita bai ɗora ba ya ce taransfomar da ke ba sipika ce ta ƙone, in sayo sabuwa. Hankalina bai kwanta ba, domin kayan nan yana da daraja a wurina. Duk wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya taimaka ya faɗa mana yadda ya yi.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, kada ka sa hannu a ciki don ka ga ka zare waya daga bango. Manyan kondensan nan suna riƙe wuta sama da bolt 400 bayan an kashe, kuma tana kisa. A sauke ta ta cikin rasista, a auna da mita a ga ta sauka, sannan a taɓa.

Na daɗe ina wannan aiki, kuma sau da yawa an kawo mini amfilifaya an riga an yanke wa taransfoma hukunci, in duba in tarar lafiyarta ƙalau. Akwai wadda na buɗe tana ta ƙone fis, mai ita har ya sayo sabuwar taransfoma ya kawo a kwali. Da na haska tocila a ƙasan soket ɗin bawul sai ga wani baƙin layi siriri kamar an ja da fensir tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Wuta ce ta yi tsalle daga ƙafar filet (mai ɗauke da babbar wuta) zuwa ta hita (mai ɗumama bawul), ta bar gawayi, gawayin kuma ya zama hanya. Soket muka canza, shi ke nan. Wata kuma rasistar sikirin ce (wadda ke jikin soket ɗin bawul) mai om 470 ta tsage gida biyu. Duba waɗannan tukuna, ka kuma jona wata sipikar da ka tabbatar da lafiyarta.

Sannan ka ɗora mita. Ɓangaren firamare, wato naɗin taransfoma da ke fuskantar bawul, yana da waya uku: ta tsakiya mai kawo babbar wuta, da biyu masu zuwa bawul. Auna daga ta tsakiya zuwa kowacce. Ba za su zo daidai cif ba, saboda rabin naɗin ɗaya yana kan ɗaya, wayarsa ta fi tsawo. Ɗan bambanci ba laifi ba ne. Amma in ɗaya ya yanke gaba ɗaya, ko mita ta nuna firamare ta haɗe da sakandare (naɗin da ke zuwa sipika) ko da ƙarfen jiki, to ta mutu.

Mai Jita: Na gode Baba. Na auna, kowane ɓangare yana wajen om 200, babu haɗuwa da jiki. Soket tsaf, rasistoci lafiya. Ke nan taransfomar lafiya take?

Injiniyan Sauti: Tukuna dai ɗan uwa. Nan ne ni ma na ɓata wata guda. Mita ba ta ganin cutar da ta fi kama taransfomar nan. In zagaye biyu ko uku na waya suka haɗe a tsakiyar naɗi mai zagaye dubbai, om ɗin da ya ragu bai kai ka lura ba, amma wannan ɗan zoben da ya haɗe shi zai shanye kusan duk ƙarfin. Alamarsa ita ce abin da ka faɗa: sauti ƙasa-ƙasa, siriri, da datti.

Ga yadda na kama tawa. Aikin taransfomar shi ne ta daidaita bawul mai son nauyin dubban om da sipika mai om 4 ko 8 ko 16. In taka 6,600 ce zuwa 8, raba ka samu 825, tushen murabba'insa kusan 29. Wato in ka zare bawul, ka cire sipika, ka ba sakandare bolt 1 na wutar AC, ya kamata ka ga kusan bolt 29 tsakanin wayoyin filet biyu, kuma rabi da rabi daidai daga ta tsakiya. A wannan awon dole su zo ɗaya, domin yawan zagaye ake aunawa ba tsawon waya ba. In da ƙaramar taransfoma mai bolt 6.3 za ka yi, ka sani firamare za ta kai wajen bolt 180, don haka maƙala wayoyin mita kafin ka kunna, ka janye hannu.

Mai Kaɗa Bas: Ni da hannuna na kashe tawa, kuma har yau abin yana damuna. Kan amfilifaya ne mai bawul EL34 biyu, wat 50, akwatin sipika daban. Mun isa wurin wasa a makare, na jona komai cikin gaggawa, ashe wayar sipika ba ta shige akwatin ba. Na bugi igiya ban ji komai ba, sai na ƙara bolum, na ƙara. Abin da na ji kawai wata 'yar murya ce daga cikin ƙarfen kansa, kiɗan da nake yi yana fitowa siriri daga jikin taransfoma. Bai fi minti biyu ba sai warin fenti mai ƙuna, fis ya tashi.

Daga baya aka yi mini bayani. In babu sipika, ƙarfin da ya taru a ƙarfen taransfoma ba shi da inda zai je, sai ya koma baya da wuta mai tsananin yawa, kamar yadda kwayil ɗin mota ke harba wa fulogi. Ita ce ke huda rufin wayar. Amfilifaya mai taransista yawanci ba ruwanta da rashin sipika, shi ya sa mu da muka saba da ita muke faɗawa wannan rami. Yanzu in na kunna na bugi igiya ban ji sauti ba, kashewa nake yi nan take.

Ƙanwarku Mai Jita: Nawa guntu ne. Fis ɗina ya riƙa tashi, wani ya ce in sa wanda ya fi shi girma. Ashe bawul ɗaya ne ya haɗe a ciki. Da babban fis ya ƙi tashi, sai naɗin firamare ya ƙone a madadinsa. Ku riƙa sa lambar da aka rubuta a bayan amfilifaya.

Mai Haɗa Amfilifaya: In ta tabbata sai an canza, ga abin da ya same ni a karon farko. Na ɗaura sabuwa, na liƙe komai da dalma, ina kunnawa sai wani ihu mai huda kunne tun ban jona jita ba. Na ɗauka mara lafiya aka aiko mini. Ashe wayoyin filet biyu ne na juya. Yawancin waɗannan amfilifayoyi suna ɗebo sauti kaɗan daga sakandare su mayar baya don ya danne datti, to in waya ta juye sai ya koma ingizawa. Na kashe, na sauke wuta, na musanya shuɗiya da ruwan ƙasa, shiru. Tun daga ranar ba na yanke wayoyin nan gajeru sai na gwada.

Wajen zaɓe, duba nauyin firamare da wat, ba girman ƙarfe kawai ba. EL34 biyu irin na Marshall mai wat 50 wajen om 3,400 suke so, EL84 huɗu na Vox AC30 wajen 4,000. Mai bawul ɗaya tal irin Fender Champ tata daban ce, an bar 'yar tazara a ƙarfenta saboda wutar DC da ke bi ta gefe ɗaya, ba a musanya ta da ta masu bawul biyu. Hammond da Heyboer da Mercury Magnetics duk suna yin madadi na sanannun samfura. Auna tazarar ramukan kusa kafin ka saya, kada ka zo kana huda sabon rami a tsohon kaya. Kunnawar farko kuma ka bi da ita ta kwan fitila mai zare a jere da layin wuta, in akwai haɗuwa kwan ne zai haska ya riƙe. Bayan nan a sake saita bayas, wato wutar da bawul ke ja in babu sauti.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo: Duk gaskiya ne, amma ni ban cika saurin cewa a saya ba. Tsohuwar taransfoma ana sake naɗa ta a kan ƙarfenta. Sai dai ba kowane mai naɗin fanka ko injin ruwa ne zai iya ba. Ta sauti ana saƙa ta ne hawa-hawa, firamare, sakandare, firamare, da takarda a tsakani, kuma wannan saƙar ce ke riƙe siraran sauti na sama. Na taɓa ba wani ya naɗa mini dunƙule guda, lissafin zagaye daidai, amma muryar ta fito kamar an lulluɓe sipika da bargo. Wanda zai yi dole ya warware a hankali yana ƙirga yana rubuta tsarin. In babu irinsa kusa, sayi sabuwa, amma kada ka jefar da tsohuwar.

Mai Jita: Na dawo da labari. Na yi awon Injiniya. Maimakon rabi da rabi wajen bolt 14, ɓangare ɗaya ya ba ni 6, ɗayan ko 2 bai kai ba, ƙaramar taransfomar da nake gwajin da ita kuma ta ɗau zafi cikin daƙiƙu. Mai gyaran ya canka daidai ke nan, taransfomar ta mutu.

Amma maganar Mai Kaɗa Bas ta tsaya mini a rai, domin ni ban taɓa kunna ta babu sipika ba. Jak ɗina ma irin wanda ke rufe kansa ne in an zare filogi. Sai na bi wayar sipikar da yatsa tun daga filogi har ƙasa. A daidai inda aka liƙe ta da sipika, dalmar ta tsage, wayar tana zaune a kai ne kawai, ina taɓawa ta ɗago. Wato duk sanda na kaɗa da ƙarfi akwatin ya girgiza, tana rabuwa tana haɗuwa, filogi kuma yana cikin jak don haka kariyar ba ta aiki. Yanzu na tuna ƙas-ƙas ɗin da na riƙa ji tun watannin baya ina ɗora wa wayar jita laifi. Da na ɗaura sabuwar taransfoma ban ga wannan ba, da ita ma ta bi sahu.

Na sa sabuwar waya, na ɗaura madadi mai 6,600 zuwa 8, ta tashi ba ihu, sautin ya dawo cike. Tsohuwar na naɗe ta a ƙyalle na ajiye. Baba, in na sami mai naɗin, me zan tambaye shi don in gane ko ya san saƙar hawa-hawan nan?

Tsohon Mai Gyaran Rediyo: Madalla ɗana. Ka ce ya nuna maka takardar da ya rubuta zagayen wata taransfomar sauti da ya taɓa warwarewa. In yana da ita, ba shi aikin.