Asmar autana ba ta tashi sai da hunturu: sanyi ne ko ƙura?

Maman Auta, Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Autana shekararsa 6, tun yana ɗan shekara 3 likita ya ce asma gare shi. Da damina garau yake, har ƙwallo yake bugawa a layi. Amma Disamba na kamawa, hazo ya rufe gari har ba ka hango hasumiyar masallacin unguwa, sai tari ya sa kai. Bara sau biyu aka ba mu gado. Bana kuma shekaranjiya aka sallamo mu. A ɗakin gaggawa yara biyar na ƙirga suna jiran injin nebulaiza, mai mayar da magani tururi a shaƙa, guda ɗaya, kowace uwa ta rungume nata.

Abin da ya ɗaure min kai, ranar da ƙurar ta fi yawa ba ya nuna komai. Sai washegari ko bayan kwana biyu, wajen ƙarfe uku na dare, in ji ƙirjinsa yana fito. Surukata ta ce sanyi ne, a daina masa wankan safe. Babansa ya ce ƙura ce. Ni dai na rasa na kamawa.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam, sannu 'yar uwa, Allah Ya ƙara masa lafiya. Duk su biyun suna da gaskiya. Busasshiyar iska mai sanyi tana sa hanyoyin numfashin mai asma su tsuke. Ƙurar kuma ba irin ta shara ba ce. Yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi kamar hoda. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsa, da ake kira PM2.5, gashin hanci ba ya tare shi, har cikin huhu yake wucewa. Can yake jawo kumburi, kumburi kuwa a hankali yake taruwa, shi ya sa kike ganin jinkirin kwana ɗaya ko biyu. Ga mura da ke yawo a aji a wannan lokacin, ita ma tana cikin manyan abubuwan da ke tayar wa yara asma. Tashin dare kuwa halin ciwon ne.

Tambayata ita ce, wane inhela, wato maganin shaƙa, yake sha? Shuɗin, wato salbutamol, buɗe hanya kawai yake yi na ɗan lokaci. Akwai na rigakafi irin su beclomethasone da ake shaƙa kullum ko da yaro na wasa. In yana neman shuɗin fiye da sau biyu a mako, ki koma wajen likita a duba maganar na rigakafin. Kuma a riƙa sa masa sifesa, wato bututun da ake haɗawa da inhela don maganin ya isa huhu sosai. In babu, robar ruwa ta rabin lita da aka huda gindinta tana aiki. In kin ga fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, ko ya kasa ƙarasa magana, ko leɓensa ya sauya launi, kada ki jira gari ya waye.

Mai Gyaran Janareta:
Hajiya, ki yi haƙuri in tsoma baki. Ƙurar Chadi ba mu da yadda za mu yi da ita, amma ta gida fa? Da hunturu iskar ƙasa takan yi sanyi da dare ta kwanta, hayaƙi ya kasa tashi sama. Janaretan maƙwabci, bolar da ake cinna wa wuta da magariba, tayar da samari ke ƙonawa suna jin ɗumi, duk a layi suke kwana. Gidaje nawa na shiga na tarar da inji a ƙarƙashin tagar ɗakin yara. A Landan ma akwai yarinya 'yar shekara 9 da asma ta yi ajalinta a 2013, a 2020 mai binciken sanadin mutuwa ya rubuta hayaƙin motocin titin gidansu cikin dalilan rasuwarta. Can kenan, balle mu.

Hajiya Babba:
'Yata, ni ban san turancin nan nasu ba, amma jikoki uku na raina da wannan fukar. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki goge kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, kada ki kakkaɓe. Wankan kuma kada a daina, a yi da ruwan ɗumi in rana ta ɗaga. Sannan gaskiya ɗaya ce: kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su bar ɗakin da yake kwana. Gidan sauro ya isa.

Maman Auta, Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Anti, shuɗin kaɗai muke da shi. An taɓa rubuta mana na rigakafin, da ya ji sauƙi na ajiye don kada ya saba da magani. Ashe ni na yi kuskure. Litinin zan mayar da shi in sha Allahu. Hajiya, kin kama ni: kullum bayan isha'i sai na zagaya ɗakuna da kasko, kuma tagogi a rufe saboda sanyi. Jiya ban kunna ba, har babansa yana tambaya ko turaren ya ƙare. Saura janaretan mai shagon da ke jikin katangarmu. Babansa ya ce zai same shi bayan sallar asuba, ko zai yarda ya juya bututun hayaƙin ya kalli titi.