Shawarwari kan gyaran karatun injiniya a jami'o'inmu

A zaman da wasu malaman injiniya suka yi da tsofaffin ɗalibansu a Bauchi, an fi jan magana kan horon SIWES na wata shida, wato shirin tura ɗalibai wuraren aiki don sanin makamar aiki. An ce kada ya tsaya ga cike littafin rahoto, a riƙa tura ɗalibi inda hannunsa zai taɓa ƙarfe, kamar kamfanin siminti na Ashaka ko madatsar ruwan Dadin Kowa. Wani dattijo ya kawo misalin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da ta daɗe a rufe don an rasa mai gyara, ya ce irin wannan matsala ta dace da aikin bincike da ɗalibai ke yi a shekarar ƙarshe, kuma a ganina shawararsa ta fi nauyi. An taɓo batun koyar da rubuta manhajar kwamfuta tun daga aji ɗaya, amma ba a zurfafa ba.