Silin zauren saukar fasinjoji: a rufe da POP ko a yi wanda ake buɗewa?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu a harkar gini. Ofishin da nake aiki ya samu gyaran zauren saukar fasinjoji na wani ƙaramin filin jirgin sama a nan arewa, ni kuma aka danƙa wa zanen silin. Zauren dogo ne, tsayinsa daga ƙasa zuwa dekin mita biyar da ɗoriya, sai dai bututun esi da wayoyi sun cinye kusan mita ɗaya a sama. Tsohon silin allunan nan ne masu kusurwa huɗu, yoyo ya ɓata da yawa, wasu sun lanƙwashe.

Waɗanda suka ba mu aikin suna so a zuba POP, wato farin filastan nan da ake kwaɓawa a yi silin da shi, daga bango zuwa bango, a ɓoye fitilu a gefe, a rataya babbar fitila a tsakiya, domin baƙo yana shigowa ya san ya zo gari mai daraja. Wannan burin ina tare da shi, don zauren nan shi ne farkon abin da alhaji ko ɗan kasuwa ke gani idan ya sauko daga jirgi. Amma hankalina bai kwanta da rufe komai ruf ba. Ga shi kuma ba za a dakatar da saukar jirage ba, da dare za a riƙa aikin. Me kuke gani?

Injiniyan Lantarki:

Wa alaikumussalam, ƙanena. Ka hau tsani ka leƙa saman tsohon silin tukuna, kafin ka ja layi ko ɗaya a takarda. A can za ka tarar da bututun iska, bututun ruwan sanyi na esi, wayoyin fitilu da na lasifika da na kyamara, na'urorin jin hayaƙi, da bututun feshin kashe gobara in akwai. Kowanne cikinsu yana da ranar da zai nemi gyara. In ka rufe su da POP, duk ranar da bututun esi ya fara zufa sai an fasa silin, kuma wanda ya fasa ba ya mayar da shi yadda yake. POP yana shan ruwa, ya yi rawaya, ya yi nauyi, wata rana ya sauko a kan layin masu jiran kaya.

Ni abin da na fi aminta da shi a irin wannan wuri shi ne farantan alminiyam masu ƙananan huji da ake cirewa ɗaya bayan ɗaya. Tun da da dare za ku yi aiki, su ne za su fisshe ka: a ɗora layi biyu ko uku kafin asuba, a share, jirgin safe ya sauka. POP kuwa ga jiƙa, ga ƙura, ga jiran bushewa.

Baba Tsohon Magini:

Yaro, ka yi tambaya mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Bari in ƙara kan maganar Injiniya da abin da ya fi tsaya mini a rai, wato wuta.

Shi POP a kansa ba ya ci da wuta, kada a yi masa ƙazafi. Haɗarin yana cikin sararin nan da ke tsakanin silin da dekin, inda ido ba ya kaiwa. Ranar 11 ga Afrilu 1996 wasu ma'aikata suna walda a kan titin da ya bi ta saman zauren saukar fasinjoji a filin jirgin Dusseldorf na Jamus. Tartsatsin ya sauka ta tsaga, ya faɗa kan farin kumfan nan da aka shimfiɗa a cikin silin, irin wanda ake tare talabijin da shi a kwali. Wutar ta daɗe tana ci a ɓoye ba wanda ya ankara, robar wayoyi ta kama, baƙin hayaƙi ya bi cikin silin ya mamaye ginin. Mutum 17 suka rasu, kuma hayaƙin ne ya kashe su. Wasu a cikin lifta suke, ta sauko da su ta buɗe ƙofa a tsakiyar hayaƙin. A nan Afirka ma, a watan Agustan 2013 gobara ta cinye zauren saukar fasinjojin ƙasashen waje na filin Jomo Kenyatta a Nairobi, Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba.

Don haka ko me ka zaɓa, kada ka yarda a cusa kumfa ko soso a can sama da sunan tare zafi. A sa audugar dutse, wato abin tare zafi mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse, wadda ba ta kamawa. A raba sararin gida-gida da abin da ke tare wuta, a sa na'urar jin hayaƙi a cikinsa, ba a ƙasansa kaɗai ba. Sannan duk daren da za a yi walda, a tsayar da mutum guda da tukunyar kashe gobara, ya zauna a wurin har bayan an tashi daga aiki. Wannan ka rubuta shi cikin takardun kwangila, kada ka bar shi a fatar baki.

Hajiya Mai Saro:

Ni ba maginiya ba ce, fasinja ce mai yawan zuwa saro kaya. Roƙona ɗaya: ku taimaka mu riƙa jin sanarwa. Ƙasa tayil, bango gilashi, in sama ma ta zama siminti sumul, murya sai ta yi ta amsa-kuwwa, ana kiran jirgi ko ana neman mai jaka ba ka gane ko kalma ɗaya. Ranar da jirgin alhazai ya sauka kuwa, ga tsofaffi, ga amalanken kaya, ga 'yan tarba a ƙofa, sai kai ya yi ciwo. Babbar fitilar nan kuma, wa zai hau ya goge ta da hunturu? Wata ɗaya ƙura ta gama da ita.

Malam Mai Zane:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma farantan Injiniya masu huji, in an shimfiɗa audugar dutse a bayansu, su ne maganin amsa-kuwwar. Inda zan tsaya wa masu aikin shi ne batun kyau. Farin alminiyam fayau kowane filin jirgi yana da shi, ba ya nuna inda ka sauka. A filin jirgin Madrid, tashar da mai zanen gini Richard Rogers da abokan aikinsa suka zana, wadda aka buɗe a 2006, gora aka jera a silin tana hawa tana sauka, bayan an yi mata maganin wuta. Mu kuma muna da namu. Ka je Masallacin Juma'a na Zariya ka ɗaga kai ka ga bakan gizo da ɗaurin guga, wato bakunan laka da ke riƙe da rufin, aikin magini Babban Gwani Muhammadu Durugu, ko ka shiga Gidan Makama tun da yana kusa da kai. Ba na cewa ka kawo azara da laka. Ka ɗauki yadda bakunan ke tasowa daga bango su haɗu a tsakiya, ka fitar da su da siraran haƙarƙarin ƙarfe, tsakaninsu farantan da ake cirewa. Mita huɗun da suka rage maka ba za su ɗauki baka mai zurfi ba, ka yi shi sama-sama. POP ɗin ka ba shi gefen bango da bakin ƙofar fita, inda babu bututu, a zana dagi a wurin in suna so.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar mai tsaron walda da raba sararin sama zan sa su cikin takardu yau. Malam, ranar Asabar in sha Allahu zan shiga Gidan Makama da abin awo. Injiniya, saura tambaya ɗaya: in haƙarƙarin ƙarfen sun sauko ƙasa da farantan, a ina ya fi dacewa a sa kawunan feshin ruwa don kada su tare su?