Kuɗin fada: PS5 ɗaya ta rangwame ko PS4 biyu na hannu?

Shugaban fada:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Karo-karon da muka fara bayan ƙaramar Sallah ya cika, jika 450 ke hannun Yaya mai riƙon kuɗi. Kowa ya san niyyarmu: mu buɗe ɗakin wasan bidiyo a shagon da Alhaji ya ba mu aro a Zango, yaro ya biya dala ashirin ya buga wasa ɗaya, ribar kuma mu saya wa marayun unguwa littattafai da alƙaluma. Daren jiya mai gyara ya faɗi maganar da ta raba mu biyu, har aka watse ba a sha shayi na uku ba. Ya ce PS5 ɗin, wato na'urar wasa ta PlayStation 5, da ƙanenmu zai samo mana daga Faransa a rangwame ba araha ba ce, asara ce, kuma PS4 biyu na hannu sun fi ta amfani a Damagaram. Kowa ya kawo hujjarsa kafin a taɓa kuɗin.

Ƙanenmu na Faransa:
Wa alaikumus salam, Shugaba. Yaya mai gyara ya san ina ganin girmansa, amma wannan magana ban yarda da ita ba. PS4 ta fito tun Nuwamban 2013. Duk wadda za ku samu yau ta bi hannu nawa? PS5 kuwa farashinta hawa yake yi: marar faifai ta fito a Yuro 399 a 2020, zuwa Afrilun 2025 ta kai 499. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kun ga jika 327 ke nan a farashin wancan lokacin. Ƙarshen Nuwamba, lokacin Black Friday, shaguna ke sauke ta, kuma akwai ɗan uwa da zai sauka Yamai a hutun ƙarshen shekara ya taho da ita a jakarsa. Sabuwa fil cikin kwali, da takardar garanti. Kuɗin marayu ne, ya za a yi mu zuba su a kayan da ba mu san cikinsu ba?

Mai gyara, Kasuwar Dole:
Ƙanena, garantin nan a ina za mu kai shi? Ranar da ta mutu cikin zafin Afrilu, wa zai mayar da ita Faransa?

Bari in faɗa muku abin da nake gani a teburina. Abu uku ke kashe na'ura a garin nan: ƙura, zafi, da wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Idan hunturu ya shigo, ƙura na bi ta fanka ta toshe hanyar iska, sai ka ji na'ura tana ihu, daga nan ta kashe kanta. PS4 ina buɗe ta, in hure ta, in sa mata sabon man sanyaya, kafin la'asar ta koma aiki. Ramin HDMI da ake haɗa ta da tele, fanka, tukunyar wuta, duk ana samunsu, domin an sayar da ita fiye da miliyan 117 a duniya, wadda ta mutu tana ba mai rai kaya. PS5 ba haka take ba. A kan ƙwaƙwalwarta ba man da muka saba suka sa ba, narkakken ƙarfe ne, ɗigo ɗaya ya zuba a kan allon cikinta an gama. Ma'ajiyarta ma manne take da allon, ba kamar ta PS4 da kake zarewa ka sa wata ba.

Sai babbar matsalar, wadda za a sayo ba ta cin faifai. Kowane wasa sai an sauko da shi ta intanet, kuma wasan ƙwallo kaɗai ya haura giga 30, ban da sabuntawar da ke biyo baya. Shagon PlayStation na intanet ba ya da Nijar a jerin ƙasashensa, a kudu da Sahara Afirka ta Kudu ce kawai. Dole a buɗe asusu da sunan Faransa, a riƙa sayen katin kuɗi na Faransa. Ke nan duk ranar da muke son sabon wasa sai mun kira ka. Faifai kuwa naka ne. Ka gaji da shi ka yi musaya da wani, ko ka sayar.

Autan fada:
Yaya, duk na ji, amma ka manta da masu biyan kuɗin. Yaran yanzu suna ganin PS5 a waya kullum. A unguwarmu akwai ɗakunan PS4, wasu ma PS2 suke bugawa har yau. Me zai sa yaro ya baro Birni ko Garin Malam ya zo wajenmu idan abin da ke ƙofar gidansu ne za mu ba shi? Sunan PS5 kaɗai talla ne. Kuma wasan ƙwallo na FC a PS4 ba daidai yake da na PS5 ba, motsin ƴan wasa ya bambanta, kuma a intanet mai PS4 ba ya haɗuwa da mai PS5. Ga saurin buɗewa, ba a zama ana kallon tele ana jira.

Yaya mai riƙon kuɗi:
Auta, ni ban san motsin ƴan wasa ba, lissafi na sani. Na tambayi ɗana, ya ce wasa ɗaya da zaɓen ƙungiya da komai yana cin kamar minti 15. Awa ɗaya wasa huɗu, dala tamanin. Na'ura biyu, ninki biyu. Ko ka ce PS5 za a biya dala talatin, har yanzu ba ta kamo ba, kuma yaron da ke sayar da ruwan sanyi a tasha ba ya da dala talatin. Abin da ya fi damuna shi ne ranar lalacewa. Mai tukunya ɗaya, ranar da ta fashe gidan ba a girki. Shekara nawa ina adashe, ban taɓa ganin wanda ya zuba jarinsa wuri guda ya kwana lafiya ba.

Ƙanenmu na Faransa:
Yaya, lissafinki daidai ne amma bai cika ba. PS4 biyu na nufin tele biyu da manet huɗu, wato abin riƙewa a buga wasa, kuma manet ita ce ke fara mutuwa a ɗakin wasa. Maganar faifai kuma, siririyar PS5 da ta fito a ƙarshen 2023 ana saya mata abin karanta faifai daban a maƙala, sau ɗaya kawai yake neman intanet. Kuma tana buga kusan duk wasannin PS4, da manet ɗin PS4 ma idan wasan na PS4 ne. Wanda ya sayi PS5 ya haɗa biyu ke nan. Wasan ƙwallo na eFootball, wanda ya gaji PES tun 2021, kyauta ake sauko da shi. Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ta shigo Nijar a 2025, akwai masu ita a gari, a ɗauki na'ura a kai can dare ɗaya a cika ta.

Abin da nake tsoro shi ne gobe. FC 24 da FC 25 sun fito a PS4, gaskiya ne, amma kamfanoni suna janye hannu daga gare ta. Ranar da sabon wasan ƙwallo ya fito babu na PS4, yara za su watse su bar mu da akwati biyu.

Mai gyara, Kasuwar Dole:
Idan ka ƙara kuɗin abin karanta faifai, ina rangwamen ya tafi? Ka ƙara manet ta biyu, don guda ɗaya ce a kwali. Ka ƙara tele mai kyau, don PS5 a ƙaramar tele irin ta da, bambancin da Auta ke faɗi ba ya fitowa sosai. Jika 450 sun ƙare ba mu taɓa maganar wuta ba, alhali ita ce uwar magana.

Wutarmu daga Najeriya take zuwa. Kowa ya tuna Agustan 2023 da aka yanke layin, sai a Maris na 2024 aka mayar. A watannin nan masu ɗakin wasa nawa suka rufe? Waɗanda suka rage injin wuta suka kunna, mai ya cinye ribar. PS5 tana shan kusan wat 200 idan ana wasa. Siririyar PS4 ba ta kai wat 100 ba. Biyu ke nan ba su kai guda ɗayanka ci ba. Ni abin da nake so, a ware wani abu daga kuɗin a sayi pano na hasken rana da batir da abin daidaita wuta. Rana dai Allah Ya ba mu ita a Damagaram ba da awo ba. Ɗakin da ke aiki lokacin da unguwa take duhu, shi ne yara za su cika, ko wace na'ura ce a ciki.

Gobe da kake tsoro kuma, PS2 ta fito tun 2000, yau da safe na gyara wata. Yaro ba ya tambayar shekarar wasa, yana tambayar ko akwai Real da Barça.

Autan fada:
A nan ban bi ka ba, Yaya. Yana tambaya. Idan Mbappé na Paris a wasanka alhali tun 2024 yana Madrid, yara za su ce ɗakinka ya tsufa.

Direban hanyar Kano:
Ni ba na wasa, amma ni ke ɗauko muku kayan, don haka ku saurare ni. Kano kilomita 240 ce, ta Matamaye mu bi mu shiga Daura, kuma PS4 na hannu tana nan jibge. Sai dai gani ba ya nuna ciki. Bara na ɗauko wa wani yaro guda, a shago ta yi minti biyar lafiya lau, mun iso gida ta yi rabin awa ta mutu. Da mai gyara ya buɗe, ashe an taɓa gasa allon da wuta. Mai shagon ya ce kaya sun tsallaka iyaka, ba ruwansa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma mu ba rariya muka biya ba. Idan PS4 za a saya, mai gyara ya shiga mota da kansa, ya zauna a shagon ta yi awa biyu tana aiki a gabansa. Kuma a sa kuɗin duwan a lissafi, kada a ce ban faɗa ba.

Kawu, malamin lakwal:
Ƴaƴana, na karanta duka. Ni da na ba da nawa, ba don na san PS4 ko PS5 ba ne, don marayun nan ne. Abu uku nake roƙo. Kada a buɗe ɗakin lokacin darasi, kuma a kira sallah a kashe tele. Kada a bari a sa kuɗi a kan wasa, domin daga "wanda aka ci shi ke biya" ake zarcewa caca, na ga ɗaliban da hakan ya lalata. Na uku, ina jin ana cewa ana fasa na'ura a zuba mata wasanni ba tare da an biya masu su ba. Idan da wannan aka dogara PS4 ta zama araha, a faɗa mana gaskiya tun yanzu. Ba na son a ciyar da maraya da abin da ke da shubuha.

Mai gyara, Kasuwar Dole:
Kawu, ba zan ɓoye maka ba, yawancin ɗakunan gari haka suke yi, kuma da na fara lissafina da shi na yi. Wadda aka fasa ma tana da nata ciwon: ba ta shiga intanet, ba a sabunta ta, kuma yaro ɗaya ya danna sabuntawa komai ya tafi. Na janye wannan. Faifai na asali na hannu za mu saya, ƙwallo biyu, kokawa ɗaya, tseren mota ɗaya. Zai ƙara mana kuɗi, amma har yanzu ina kan maganata.

Ina kuma gargaɗi a kan masu sayar da asusu mai cike da wasanni da arha. Wani abokin aikina ya saya, bayan wata biyu mai shi ya canza kalmar sirri, wasanni duka suka kulle.

Ƙanenmu na Faransa:
To kun ga an dawo wajena. Da faifai na asali, arhar PS4 ta ragu. A shagon PlayStation kuwa, FC da ya fito a Satumba yakan sauka sosai kafin ƙarshen shekara, halal ɗinsa, da sunanmu. Asusun na fada ne, Shugaba ya riƙe kalmar sirri, ba ni ba. Maganar wuta na karɓa, Yaya ya fi ni gaskiya a nan, ban lissafa pano ba. Amma a sani, PS4 biyu da tele biyu su ma ba iska suke sha ba. Ina roƙo a rubuta farashin kowane ɓangare a takarda, ba a baki ba.

Autan fada:
Akwai wanda bai yi magana ba, wato waya. Rabin yaran da nake gani Free Fire suke yi a jikin katanga, ba sa biyan kowa. Wanda zai bar wayarsa ya zo ya ba da dala ashirin, abin da waya ba ta iya ba shi yake nema. Shi ya sa nake nacewa.

Yaya mai riƙon kuɗi:
Abin da waya ba ta ba shi, Auta, shi ne ya ci abokinsa uku da nema a gaban jama'a ana ihu. Wannan ko a PS2 ana samu. Amma na yarda da ƙanenmu a kan takarda. Ko dala ba za ta fita daga hannuna ba sai na ga lissafi biyu gefe da gefe, kowanne da tele, manet, faifai, pano, batir, kuɗin mota da na duwan.

Shugaban fada:
Haka za a yi. Direba, ranar Alhamis idan ka shiga Kano ka ɗauko mana farashin siririyar PS4 daga shago uku, kada ka biya komai. Ƙanenmu, ka turo farashin PS5 da abin karanta faifai da manet ta biyu, yadda suke yau, da wanda kake sa ran samu a ƙarshen Nuwamba. Mai gyara, pano da batir naka ne, ka yi lissafin awa shida babu wutar gari. Kawu, sharuɗɗanka uku za a rubuta a manna a ƙofa. Juma'a bayan isha'i a fada, Auta kai ke da gawayi.

Ƙanenmu na Faransa:
Ku kira ni idan an zauna, ina son in ji da kunnena. Yaya mai gyara, batirin da za ka lissafa, ka yi shi iri biyu, na PS4 biyu da na PS5 ɗaya da tele ɗaya. Ina ganin tazarar ba ta kai yadda kake zato ba.